Tambaya kan Tokyo Game Show da kayan Dragon Quest: in biya kafin alƙalami ko in jira?

Abba_Gem:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin gem ɗin Japan ku zo ku ba ni shawara don kaina ya ɗau zafi. Satin da ya wuce na raba dare ina kallon Tokyo Game Show na 2025, babban baje kolin gem na Japan, a YouTube, kun san tsakaninmu da su awa 8 ne, lokacin da suke buɗe ƙofa da hantsi mu nan wajen ƙarfe biyun dare ne, haka na zauna da waya da fawa bank har aka kira assalatu, datar da na saya ta wata guda ta tafi a kwana huɗu amma wlh ban yi da-na-sani ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Dragon Quest VII Reimagined, wato gem na bakwai a jerin Dragon Quest da aka sabunta, da aka ce zai fito 5 ga Fabrairun 2026. Ni VII ɗin ban taɓa yinsa ba, XI kawai na gama kuma har yau ban samu gem ɗin da ya shiga raina kamarsa ba. Da na ji cewa jaruman wannan sabon sai da aka ƙera su a matsayin 'yan tsana na gaske da hannu sannan aka ɗauki hotonsu aka shigar cikin kwamfuta sai abin ya ƙara burge ni, kana kallon rigar jarumin kana ganin zaren yadin.

To ga matsalar. Akwai wanda ake sayarwa a babban kwali na masu tarawa, da 'yar tsanar Slime, ɗan dodon nan na Dragon Quest, da wani ɗan jirgin ruwa a cikin kwalba, kuma irin wannan sai ka biya kafin alƙalami tun yanzu in ba haka ba ya ƙare. Sannan ga Dragon Quest I da II da aka sabunta zai fito 30 ga wannan watan na Oktoban 2025 shi ma ina so. Kuɗin da na tara ba zai ɗauki duka ba, kun dai san yadda canji yake.

Tambayoyina: shin wanda ya taɓa zuwa wajen baje kolin nan da ƙafarsa, yadda muke gani a bidiyo haka yake? Kayan da ake sayarwa a can da gaske ba a samunsu a ko'ina? Kuma wanda ya taɓa yin odar irin kayan nan zuwa Najeriya ya abin yake, suna isowa lafiya? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Malam_Chiba:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ina karatu a Japan kuma sau biyu ina zuwa, bari in ba ka labarin yadda na gani.

Da farko sunan ne kawai Tokyo, ba a cikin Tokyo ake yi ba. A Makuhari Messe ake yi, a jihar Chiba, daga tashar Tokyo ka hau jirgin ƙasa na layin Keiyo ka sauka a Kaihin-Makuhari, tafiyar rabin awa da 'yan mintuna. Ba ma sai ka tambayi hanya ba, kana sauka ka bi ayarin mutane kawai. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Japan da ake kira CESA ce ke shiryawa tun 1996. Zuwa 2025 kwana huɗu ake yi, biyun farko na 'yan kasuwa da 'yan jarida, biyun ƙarshe wato Asabar da Lahadi su ne namu na gama-gari. A 2024 sama da mutum 270,000 suka shiga cikin kwanakin nan huɗu, to ka lissafa.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne layi. Wlh rabin yininka a layi zai ƙare. Layin shiga daban, layin gwada gem daban, layin sayen kaya daban, har banɗaki layi. Manyan rumfuna irin na Square Enix da Sega da Capcom da Bandai Namco in kana son ka taɓa gem ɗin da bai fito ba, da yawansu wata 'yar takarda mai lamba suke rabawa da safe wadda suke kira seiriken, an rubuta lokacin da za ka dawo, kuma ta shahararren gem kafin ka ce kwabo ta ƙare. Zuwana na farko ban sani ba na tsaya kallon wata ƙatuwar allon talla a bakin ƙofa, ko da na isa rumfar da na zo dominta an riga an kafa allo cewa na yau ya ƙare. Na ji ciwon abin sosai don saboda ita na yi sammako. Zuwa na biyu na shiga da taswirar wurin a hannu na nufi rumfa ɗaya kai tsaye, na samu, aka ba ni kamar kwata na awa ina bugawa sai ma'aikaciya ta zo ta rusuna ta ce lokaci ya yi.

Amma fa tsarin mutanen nan abin a yaba ne. Dubban mutane a layi ba mai ture wani ba mai tsallake wani, akwai ma'aikaci a ƙarshen layi riƙe da allo an rubuta nan ne ƙarshe da kuma minti nawa za ka jira. Ƙara kuwa kamar gidan biki goma a waje ɗaya, kowace rumfa da nata kiɗan da nata mai sanarwa. Akwai ɓangaren masu shigar kwaikwayo, wanda zai ɗinka kayan Cloud, jarumin Final Fantasy VII, ko na wani bos ya zo da takobin roba ya fi shi tsawo, kuma ƙa'ida ce ba ka ɗaukar mutum hoto sai ka nemi izini. Wurin da ni na fi so shi ne na ƙananan masu ƙirƙira, mutum ɗaya ko biyu da teburi da kwamfuta, wanda ya haɗa gem ɗin shi ne tsaye a gabanka yana kallon fuskarka kana bugawa, can babu dogon layi kuma can na fi daɗewa.

Batun kaya kuma kashi biyu ne. Akwai na kyauta da ake ba ka in ka gwada gem ko ka bi shafinsu, manyan jakunkuna masu hoton gem, sitika, maficin roba don watan Satumba da sauran zafi a nan, da 'yar jakar roba ta saka takardu da suke matuƙar so. Sai ɓangaren sayarwa, riguna, kofuna, maƙalin makulli, fayafayan kiɗan gem, littattafan zane. Wasu da gaske na wurin ne kaɗai, amma da yawa sayarwar farko ce kawai, bayan wani lokaci za ka gansu a shagon kamfanin na intanet. Waɗanda kuma suka ƙare, tun kafin a tashi daga taron za ka gansu a Mercari, kasuwar kayan hannu ta intanet, an ninka kuɗin, har jakar da aka ba mutum kyauta sai ya sa mata farashi.

In don kayan ne ma ba sai baje koli ba. Unguwar Akihabara a Tokyo tana nan kullum, akwai Mandarake da Super Potato masu tsofaffin kaya, akwai Nakano Broadway, a Osaka akwai Den Den Town. Kuma na hannu a Japan ba irin wanda ka sani ba ne, sai ka sayi abin da aka ce an yi amfani da shi ka rantse ba a taɓa buɗe kwalin ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne Ichiban Kuji da injinan gachapon, ka biya kuɗi ka zaro takarda ko ka murɗa inji abin da ya faɗo shi ne naka, ba ka zaɓa. Na ga mai son kyauta ta ɗaya ya yi ta zara har aljihunsa ya bushe ya tafi da tawul shida iri ɗaya. Ni dai ba na kusantarsu, zuciyata ba ta kwanta da su ba.

Kawu_PS1:

Abba, kai ka fara da XI, mu da muka fara tun zamanin faifai uku na Final Fantasy VII a gidan gem ana biyan kuɗin awa, memori ɗaya mutum huɗu suna sebin a kai, bari mu gaya maka abin da shekaru suka koya mana game da tirela.

A 2006 aka nuna mana Final Fantasy Versus XIII, muka yi ta kallon bidiyon nan a kafe kamar za mu cinye allon. Sai 2016 ya fito, sunan ma an canza ya koma Final Fantasy XV, shekara 10 cur, a tsakanin na yi aure na haihu. An sanar da sabunta Final Fantasy VII a 2015, kashi na farko sai 2020, na biyu wato Rebirth sai Fabrairun 2024, na uku har yanzu muna zuba ido. Kingdom Hearts IV tun Afrilun 2022 aka nuna shi. Dragon Quest XII ɗin da kai ma na san kana jira, tun Mayun 2021 aka faɗi sunansa a bikin cika shekara 35, yau shekara huɗu da wani abu. Persona 4 Revival ma da aka sanar a watan Yunin 2025 ba a sa masa rana ba a lokacin.

Ban faɗi haka don in zargi kamfanonin ba. Manyan gem na yanzu aikin ɗaruruwan mutane ne na shekaru, kuma shi Dragon Quest ya yi rashi babba, Koichi Sugiyama mai yi musu kiɗa ya rasu a 2021, Akira Toriyama mai zana jarumai da dodanni wanda shi ne ya zana Slime ɗin da kake so ya rasu a Maris 2024, cikin ukun da suka kafa abin tun 1986 saura Yuji Horii kaɗai. Ranar da na ji rasuwar Toriyama na daɗe zaune shiru, zanen mutumin nan da shi muka girma.

Amma naka daban ne, VII Reimagined an sa masa rana kuma saura wata huɗu, wannan zai zo insha Allah. Abin da nake so ka sani shi ne VII ba ƙaramin gem ba ne. Na asalin ya fito a PlayStation a 2000, kuma ya yi suna wajen tsawo, sai ka ci awa 100 ba ka gama ba, farkonsa ma sai ka yi awanni kana yawo a tsibiri ba ka yi faɗa ko ɗaya ba. Kana tattara gutsattsarin alluna ne kana haɗawa, kowanne ya kai ka wani tsibiri a zamanin da, kowane gari da nasa labarin, wasu masu sa hawaye ne wlh, ba kowanne ke ƙarewa da daɗi ba. Sun ce sun gyara tsarin don ya fi sauri. Ni fatana kar garin neman sauri su zubar da abin da ya sa muke sonsa.

In ni ne kai zan sayi I da II a ƙarshen watan nan in yi ta bugawa har Fabrairu, sannan in sayi VII zalla ba kwali. Kuɗin kwali ɗaya ya saya maka gem biyu har da canji. Gem ɗin za ka rayu a cikinsa wata da watanni, kwalba kuwa kan kanta za ta zauna ƙurar hunturu tana hawa.

Wani abu da mutane ke yawan faɗa wai gwamnatin Japan ta kafa doka kar a saki Dragon Quest ranar aiki, ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne da III ya fito a Fabrairun 1988 ranar Laraba ce, yara suka gudu daga makaranta suka shiga layi, abin ya zama labari a ƙasar, sai kamfanin da kansa ya koma sakin sababbin a ƙarshen mako.

Ummi_Persona:

Kawu ni fa ban yarda da kai duka ba a nan, ka yi haƙuri. Ba kowa ke sayen kayan nan don ya yi amfani da su ba. Ni littafin zanen Persona 5 da nake da shi na fi shekara uku ina buɗawa, daga cikinsa na koyi yadda ake haɗa ja da baƙi a zane kuma yanzu da zanen nake ɗan samun na kashewa. Gem in ka gama ka gama, yanzu ma yawanci saukewa ake yi ba faifai ba kwali, ranar da akawun ɗinka ya samu matsala ba abin da za ka riƙe a hannu ka ce nawa ne. Don haka in ran Abba yana son abin ba laifi ba ne.

Sai dai Abba ka yi tunanin gida kafin ka kashe kuɗi. Yayana ya taɓa shigo da mutum-mutumin wani jarumi ya ajiye a ɗaki, Hajiyarmu tana gani ta ce ba za a ajiye mata gunki a gida ba mala'ikun rahama ba sa shiga, ba ta ɗaga murya ba amma a ranar ya mayar da shi kwali, ƙarshe kyauta ya bayar. Ni ba malama ba ce, ka tambayi malamin da ka yarda da shi ya yi maka bayani kan 'yar tsana da mutum-mutumi. Tun daga lokacin ni na tsaya a kan littafi da faifan kiɗa da kofi da maƙalin makulli mai tambari, hankalina kwance na kowa kwance. Jirgi a kwalba dai ba mai rai ba ne ban ga wanda zai yi magana a kansa ba.

Sani_Oda:

Ni sana'ata ce shigo da kaya ta intanet, bari in amsa tambayarka ta uku.

Yawancin shagunan Japan ba sa turowa Najeriya kai tsaye. Sai ka bi ta masu saya a madadinka irin Buyee ko ZenMarket, su karɓa a ma'ajiyarsu ta can sannan su turo, ko ka samu wani a Amurka ko Ingila da zai karɓa ya riƙo maka in zai zo gida, wannan ta biyun ta fi sauƙi in kana da mutum. Lissafin da mutane ba sa yi shi ne masu jigila ba nauyi kaɗai suke aunawa ba har da girman kwali, kuma kwalin masu tarawa rabinsa iska ce da soso, sai ka ga kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin kayan, ga na kwastam yana jiranka, ga katin banki da wani lokacin ya ƙi wucewa. Sannan kwalba fa, abin fashewa ne. Na taɓa karɓar wani kaya kwalin ya lotse kamar an zauna a kai, na yi ta aika saƙo wata biyu ba wanda ya biya ni ko sisi.

Na biyu ka kula da harshe. Wasu gem ɗin in ka sayi na kasuwar Japan Japananci ne zalla babu Turanci a ciki, kuma irin wannan gem ɗin duk karatu ne, in ba ka jin abin da ake faɗa ka yi asara. Ka duba jerin harsuna kafin ka biya. In PlayStation ne kuma ka sani lambar ƙarin kaya da ke zuwa cikin kwali sai da akawun na yankin da aka sayo shi take aiki, mu da babu Najeriya a jerin ƙasashensu kowa da inda ya buɗe nasa, wani Amurka wani Ingila, to ka tabbata sun dace.

Na uku jabu. In ka ga 'yan tsanan jarumai irin Nendoroid ko Play Arts Kai ana sayarwa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa kar ka ɓata lokacinka. Na saya sau ɗaya tun ina sabon shiga, fentin fuskar ya zarce ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, warin roba ya cika ɗaki, hannun ya cire a kwana biyu. Na asali fentinsa sumul yake, rubutun kwalin tas, kuma mai sayarwa ba ya jin tsoron turo maka hoton ainihin kayan ta kowane gefe. In ya ce hoton kamfani kawai yake da shi ka wuce.

Malam_Chiba:

Ƙari a kan maganar Sani, ƙananan kayan Slime a nan ba wahalar samu suke ba, Square Enix suna da shago mai haɗe da wurin shan shayi a Shinjuku ana ce masa Artnia, kuma shagunan kayan wasa da yawa suna da su. Ina sa ran zuwa gida hutun ƙarshen zango in Allah ya yarda, in abu ne ƙarami da zai shiga jaka ka yi min magana ta akwatin saƙo. Babban kwali dai ba zan iya ba, tsarabar gida ta cinye kilo ɗina.

Abba_Gem:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam_Chiba wlh kamar na je da ƙafata, zan yi maka magana anjima, maƙalin makulli ɗaya ya ishe ni in ba takura. Anti Ummi maganar gida ban ma kawo ta a raina ba sai da kika faɗa, kuma Mamanmu na san halinta, zan fara tambaya tukuna. Sani na duba akawun ɗina na Ingila ne, kwalin da nake kallo kuwa a shagon Amurka yake, da yanzu na tafka kuskure.

Kawu zan bi shawararka in ɗauki I da II ranar 30 ga wata. Amma tambaya ɗaya, na ji ana cewa a labarin III ne farko sannan I da II suke biyo baya, kuma ni ban yi III ɗin da aka sabunta bara ba. In fara da shi ne ko ba komai in na shiga I kai tsaye? Kuɗin guda ɗaya nake da shi a yanzu.